Kasimira da Kwamin Gishiri

Dalilin da ya sa makaɗan mariyachi na ƙasar Meksiko ba sa riƙe ganga, ku matso kusa ku ji shi. Kun dai gan su a hoto: maza sun jeru, kowa da malafa mai faɗin faifai, wannan da goge, wancan da ƙaramar garaya mai ƙusumbi, wani da babba mai ciki kamar tulu. To ku sake dubawa da kyau. Ba mai ganga, ba mai kalangu, ko ƙwarya babu. Da ba haka abin yake ba. Da suna da ganga, babba ma kuwa. Wata mace ce ta bayar da ita a wurin ciniki.

A can yankin Halisko na Meksiko, tun zamanin da ba mota ba lantarki, an yi wani mai gandu ana ce masa Don Liboriyo. A wurinsu in an sa wa mutum Don a gaban suna, to babba ne; mace kuma Donya ake ce mata don girmamawa. Gonar tasa ce, rijiyar tasa ce, ƙasar da talakawa suka kafa ɗakunansu ma tasa ce. Amma abin da ya fi so duk duniya shanunsa ne, baƙaƙe masu gajerun ƙaho da saurin fushi.

A cikin talakawan nan akwai Kasimira mai gishiri. Gajera ce, ba ta da jiki, amma duk kasuwa an san ba a taya kayanta a yi dariya. Mijinta Ebaristo ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Makiyayin Don ne, kuma mai goge. Abu biyu ya bar mata: ɗaki ɗaya, da gogen da ya sassaƙa da hannunsa. Ita ba ta iya kaɗa shi ba. Ranar biki takan ba wani tsoho, Tata Nabor, aronsa, da sharaɗi uku: ya wanke hannu, kada ya ajiye shi a ƙasa, ya dawo da shi kafin rana ta faɗi. In tsohon ya ja tsirkiya, sai ta koma bayan taro ta juya baya, don kada kowa ya ga fuskarta.

Tana da ƙane, Ponsiyano, magidanci ne har da 'ya'ya uku. Shi ne mai gangar garin. Wata shekara ya samu fatar bijimi ya ɗaure sabuwar ganga, wadda in ya buga sai ka ji ta a haƙarƙarinka. Ranar bikin girbi, da giya ta ɗan hau masa kai, ya ja taron har jikin shingen shanu don Don ya ji. Bugu uku ya yi. Shanu suka zabura gaba ɗaya, suka fasa shinge, suka bi ta kan dokin Don da Don ɗin a kai. Doki ya mutu nan take. Don kuma ƙafarsa ta karye wuri biyu.

Kwana takwas yana kwance. Da ya samu bakin magana, sai ya aika barorinsa gida gida suka tattaro duk wani abin kiɗa. Suka shiga ɗakin Kasimira tana kasuwa, suka sauke gogen daga jikin bango. Aka tara komai a fili, a kan itace. Aka yi shela cewa ranar Lahadi, da an kaɗa ƙararrawar tsakar rana, za a sa wuta, kuma daga ranar kiɗa ya ƙare a gandun.

Ranar Asabar da hantsi Kasimira ta yafa gyalenta ta nufi babban gida. Ta tarar da Don a baranda, an ɗora masa ƙafa a kan kujera, makiyaya huɗu suna tsaye da malafa a hannu.

Ta ce, "Ina kwana, Don Liboriyo. Ya ƙafa?"

Ya ce, "Tana inda ƙanenki ya ajiye ta."

"Allah ya sauwaƙe. Na zo ɗaukar kayana."

"Ba ki da kaya a nan."

"Ina da goge. Goge bai karya ƙafar kowa ba."

"Kiɗa ya karya ta. Ban tsaya tambayar wanne ba."

Ta ce, "Ni na tsaya. Shekara ashirin mijina yana kaɗa goge a tsakiyar shanunka, ko kunne ba su taɓa ɗagawa ba. Ganga ce. Fatar bijimi ce a jikinta. Sun ji ana dukan ɗan'uwansu, me kake so su yi?"

Ɗaya daga makiyayan ya sunkuyar da kai don kada a ga bakinsa. Don ya dube ta tun daga sama har ƙasa. Mutum ne da kwanciya ta gundura, kuma yana son ya ga an durƙusa masa.

Ya ce, "To ji. Gobe kafin ƙararrawa ku yi kiɗa a jikin shingen nan, ba ganga. Ba kuma kukan sauro nake nufi ba. Kiɗa na gaske, wanda zai tayar da mutane rawa. Mutane su tashi, shanu kada su firgita su fasa mini shinge. Waƙa ɗaya na ba ku."

"Biyar."

"Biyu."

"Ta farko ai gyaran tsirkiya ce, ranka ya daɗe. Huɗu."

"Uku. Kada ki ƙara."

"Uku. Amma ba a jikin shinge ba. Taku talatin."

"Taku goma. In kun kasa, a ƙone komai, ke kuma ki kwashe tsummokaranki ki bar mini ɗakina."

Ta gyara gyale kamar wadda aka yi wa tayin banza.

Ta ce, "In ɗakina zan sa, to ba a kan goge ɗaya ba. Duk abin da ke kan itacen nan za a mayar wa masu shi."

"Ban da ganga."

"Har da ganga. A kai ta bayan rafi."

"Ban da ganga."

"A cire fatar bijimin a sa ta akuya."

Don ya miƙa hannu ya ɗauki sandarsa, ya ce wa barorin su ɗaga shi su kai shi ciki. Kasimira ta yi shekaru tana kallon bayan masu saye. Ta san wanda ya juya don a kira shi, ta san wanda ya juya da gaske. Wannan da gaske ne.

Ta ce, "Tsaya. Na bar maka ganga."

"Ba wannan kaɗai ba. Ba za a sake buga fata a ƙasata ba, ko bayan raina."

"Na ji. Ga mutum huɗu sun shaida."

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Ta tarar da Ponsiyano a ƙofar ɗakinta, da Tata Nabor zaune a kan dutse.

Ponsiyano ya ce, "Yaya, kin sayar da abin da ba naki ba."

Ta ce, "Kai ma ƙafar da ka karya ba taka ba ce."

Tata Nabor ne ya yi magana, a hankali, yana murza yatsunsa.

"Donya Kasimira, kin yi ƙoƙari, amma ba ki san abin da kika saya ba. Kiɗanmu ba ya tafiya miƙe. Yana taku uku uku, sai ya juya biyu biyu, sai ya koma. Ganga ce ke riƙe da mu duka. In babu ita, kowa hanyarsa zai kama. Kuma wa zai ɗaga ƙafa Don yana kallonsa?"

Ta ce, "Ku dai ku wanke hannu ku zo."

Ranar Lahadi aka fito daga majami'a, gari duka ya gangara wajen shinge. Kasimira ta zo da kwandon gishirinta a ka, domin Lahadi ce ranar kasuwa, kuma ko za a kore ta ba ta ga dalilin da zai sa ta rasa cinikin yini ba. Ta ajiye shi a gindin wata bishiya.

An gyara shingen, amma gyaran gaggawa ne, sanduna ɗanyu, ƙasar gindinsu ba ta kama ba. A bayansa shanu sun fi ɗari biyu suna tsaye a rana. Don ya sa an ajiye kujerarsa a jikin shingen, daidai inda zai ga kowa. Kusa da tarin itace wani bara yana riƙe da bakin wuta. Aka ciro kayan kiɗa aka miƙa wa masu su, aka bar gangar ita kaɗai a saman tarin.

Tata Nabor ya karɓi gogen Ebaristo da hannu biyu. Aka auna taku goma. Makaɗa biyar suka tsaya.

Waƙa ta farko ta fito a sanyaye. Kowa yana jin tsoron ya ja da ƙarfi. Shanu ba su kula ba, mutane ma haka. Suka tsaya kamar a wurin jana'iza, kowa yana satar kallon Don.

Don ya ɗaga yatsa ɗaya.

A waƙa ta biyu suka yi ƙarfin hali, sai abin da tsohon ya faɗa ya faru. Da aka zo wurin juyawa, mai babbar garaya ya riga, masu goge suka makara, suka yi ta bin juna har waƙar ta watse a hannunsu. Wata mata ta fara ɗaga zanenta za ta taka, ta ji babu inda za ta sa ƙafa, ta sake shi. Ponsiyano yana gefe, hannuwansa suna bin kiɗan a jikin cinyarsa, ba abin bugawa.

Don ya ɗaga yatsu biyu. Ya dubi hasumiyar majami'a, inda mai ƙararrawa ya riga ya hau.

Kasimira tana bayan taro, inda ta saba. Ba ta ganin komai sai kafaɗun mutane. Ta waiga ta ga wani dogon kwami a kife a kan wata 'yar kwata. Kwamin gishirin shanu ne, gungumen itace guda aka fafe, an fito da shi lokacin gyaran shinge aka manta. Ta tattare zane ta hau.

Daga nan ta ga komai. Ta ga tsohon ya ɗora gogen a kafaɗa. Ta ga bakin wutar. Ta ga maƙwabtanta, waɗanda ta sha ba su gishirin miya, sun zuba ido suna jira a ƙone abin da mijinta ya bari.

Waƙa ta uku ta fara.

Ta ce, "Ku taka mana. Ƙafafunku ma Don ya karɓe?"

Ba wanda ya motsa. Haushi ya kama ta, ta buga dunduniya a kan kwamin.

Kwamin ya amsa. Wata murya ce mai zurfi ta fito daga cikinsa ta bi ta ƙarƙashin ƙafafun mutane. Tata Nabor ya ɗago kai. Ta sake bugawa. Tsirkiyarsa ta faɗa daidai kan bugun, kamar da ma can jiransa take. Kasimira ba gwanar rawa ba ce, amma shekara ashirin ta yi tana jin dunduniyar Ebaristo a ƙasan ɗaki in yana gwaji. Uku uku, sai biyu biyu. Ta bi abin da ta tuna.

Ponsiyano ya ratsa taro da gudu ya hau ɗaya gefen. Takalminsa na makiyaya ne, mai ƙusa a dunduniya. Duk abin da ke hannuwansa ya gangara ƙafafunsa. Kwamin ya fara magana, makaɗa biyar suka zama mutum ɗaya. Matar nan ta sake ɗaga zane. Wani tsoho ya jefar da sanda. Kafin a kai tsakiyar waƙa ƙura ta tashi a filin.

Daga kan kwamin Kasimira ce ta fara ganin abin da ke faruwa a bayan shinge. Shanu sun ɗaga kai, duka, lokaci ɗaya. Wani babban bijimi mai tsagaggen kunne ya juyo. Ya fara takowa. Sauran suka biyo shi, ba gudu ba, tafiya, amma kai tsaye zuwa inda ƙarar take. Tsakaninsu da taron kuwa ba komai sai ɗanyen shinge, da kujerar mutumin da ba ya iya tashi.

Ƙirjin bijimin ya taɓa sanda. Na baya suka matso. Shingen ya yi ƙara, ya fara kwantowa ta kan Don. Barorin da ke riƙe da kujera suka ja da baya.

Don ya ce, "Sa wuta." Ya nuna tarin itace da sandarsa. "Sa wuta, ku tsayar da kiɗan."

Baran ya nufi tarin itace. Masu rawa na kusa suka fara tsayawa.

Kasimira ta dubi shanun. Ta taɓa ganin bijimin da ya firgita a ranar biki, ta san kamarsa: ido fari, wutsiya sama. Waɗannan wutsiyarsu a ƙasa take, suna miƙo wuya, suna lasar hanci. Sai ta tuna. Duk ranar da Ebaristo zai ba shanu gishiri, sai ya kife kwamin nan ya hau ya tattaka, don tsohon gishirin da ya daskare a ciki ya zube, sannan ya juya shi ya zuba sabo. Haka makiyayan gandun suke yi tun kakanni. Kuma tun ranar da shinge ya fashe ba wanda ya tuna ya ba su ko ƙwaya.

Ta kama hannun ƙanenta. "Kada ka tsaya. Ko me ka gani, kada ka tsaya."

"Yaya, za su tattake shi."

"Gishiri suke so. Taka."

Ta diro, ta ɗauki kwandonta, ta zaga ta gefen da ba kowa, ta sunkuya ta shige ta ƙarƙashin sanda. Ga ta a cikin garke, ita kaɗai, kanta bai kai tozon ƙaramin cikinsu ba. Ta cika hannu da gishiri ta watsa a iska ta wajen bijimin. Bai juyo ba. Shingen ya ƙara kwantawa. Ta matsa har tana jin zafin jikinsa, ta kai hannunta daidai hancinsa.

Ya huro mata numfashi. Ƙahonsa ya goga gyalenta. Sai harshe ya fito, mai kaushi kamar dutsen niƙa, ya share tafin hannunta.

Ta fara ja da baya, taku ɗaya ɗaya, tana zuba gishiri a ƙasa a bayanta. Bijimin ya saki shinge ya bi ta. Na kusa da shi suka bi. Ta yi ta tafiya tana zubawa har tsakiyar fili, inda ta kife kwandon ta karkaɗe. Gishirin kasuwa guda ya tafi. Shanu ɗari biyu suka sunkuyar da kai suna lasa, a waje kuwa kwami yana ta amsawa, mutane suna ta juyi.

Tata Nabor ya ja tsirkiya ta ƙarshe. Sannan ƙararrawa ta kaɗa.

Kasimira ta fito ta inda ta shiga. Ta tsaya ta gyara gyale, kafin ta je gaban Don. Fuskarsa ta yi fari, sandar shinge tana rataye tazarar hannu ɗaya daga kansa.

Ya ce, "Sun motsa."

Ta ce, "Sun zo cin abinci. Cewa ka yi kada su firgita su fasa shinge. Ga shinge nan a tsaye, ko da yake wanda ya kafa maka shi ya cuce ka. Ga mutane sun yi gumi. Ga shaidu huɗu."

Don ya dubi makiyayan. Suka dubi ƙasa, amma duka huɗun suka gyaɗa kai.

Ya ce, "Ku kwashe kayanku."

"Saura gishirina. Shanunka suka cinye."

"A cika mata kwando daga rumbu."

"Naka baƙi ne, da yashi. Ba na so. Kwamin nan za ka ba ni."

"Tsohon kwami?"

"In tsoho ne ai ba ka yi asara ba."

Sai ya ɗaga hannu alamar ta ɗauka.

Saura ganga a kan itace. Baran ya matsa da wuta, Ponsiyano ya tare shi ya karɓa. Ya ɗora tafin hannunsa a kan fatar, bai buga ba, ya ɗan jima haka. Sannan ya sa wutar da kansa, ya koma ya hau kwami.

Da Tata Nabor ya sake ɗaga gogen Ebaristo, Kasimira ba ta koma bayan taro ba. Ta zauna a kan kwandonta da babu komai a ciki, a gaba, fuska ga kiɗa. Wanda ya ga hawaye ya gani.

Maza shida suka ɗauki kwamin suka kai ƙofar ɗakinta. Duk mai biki sai ya zo ya ara, da sharaɗi, kun dai san halinta. Wasu garuruwa suka ji labari suka fafe nasu. An ce itacen da aka yi kwamin da shi, a tsohon yaren mutanen wurin mariyachi suke kiransa. Sai ya zama in an ce mu je wajen mariyachi, ana nufin wurin rawa, daga baya sunan ya koma kan makaɗan kansu.

Shi ya sa har yau, ko da sun ƙaro kakaki, sun sa wando mai maɓallan azurfa, sun shiga manyan birane, ba za ku ga ganga a hannunsu ba. An bayar da ita a gaban shaidu, kuma ciniki ya faɗa. In kun ji kiɗan ya yi zafi kuna neman inda bugun yake fitowa, kada ku dubi hannun makaɗa. Ku dubi dunduniyar masu rawa a kan katako.